Zubin Dalma a Lagdo

Batirin da ya mutu a motar Garwa
shi Kawu Jatau ke saye, jaka biyu bayan ciniki.
Ya ɗauro shi a keke da tsinkakkiyar roba,
ya fasa shi da gatari can bayan danga,
nesa da kaji, nesa da randa.
Abin da ya fito, toka-toka, mai nauyin bashi,
shi ne tuwonmu na wata guda
in Allah ya sa an dace da ruwa.

Ni ce mai fifita.
Shekarata sha ɗaya, kurfoti a gabana,
gwangwanin sardin bisa gawayi,
an matse masa baki kamar na buta.
"Koma ta inda iska ke fitowa, Barmani,
wannan hayaƙi in ya shiga ba ya fita."
Ya faɗa, ya tsuguna
daidai inda hayaƙin ke zuwa.

Dalma ba ta yin ja irin na ƙarfe.
Sai ka ga ta saki jiki, ta zauna, ta kwanta.
Ya yaye dattin sama da tsohon cokali,
sai ga farin wata a gwangwani,
da rana tsaka, yana rawa.

Mazubinsa gasasshen yumɓu ne, ɓari biyu,
rami shida, kowanne kamar ƙwayar gurjiya.
Ya turara shi da baƙin fitila,
ya kwantar da ƙugiyoyi, ido waje, ƙaya baya,
ya haɗe, ya ɗaure da waya,
ya goge goshinsa sau biyu kafin ya ɗaga awartaki.
Akwai tabo a wuyan hannunsa
tun ranar da yayyafi ya riga shi.
Abin da zai je ƙasan tafki ya kwana,
ga shi ɗigo ɗaya ke sa shi tsawa.

In sun huce sai magagari,
sai gashin zabo, sai jan zaren buhu,
sai ido, ɗis, da jan farcen Inna Dudu
wanda har yau take cigiya.
Ba shi da sikeli.
Ya ɗora ɗaya a tafin dama, dala biyar uku a hagu,
ya lumshe ido, ya saurari hannuwa.

Tafkin nan a kan itatuwa ya kwanta.
Suna nan tsaye a ƙasa, ba ganye,
suna karɓar abin da aka jefa wa giwan ruwa.
Jiya bakwai, shekaranjiya huɗu.
Masunta su dawo da saran zare,
Kawu ya ce, "Madalla. Ai da itacen ya ƙoshi
da mu muka kwana da yunwa."

Shekarar da hannunsa ya fara karkarwa
ya zuba biyu a rami, huɗu a ƙasa.
Bai ce komai ba. Ya daɗe yana duban su
suna daskarewa a yashi kamar kashin tsuntsu.
Sannan ya miƙo mini awartaki ta wajen mariƙi,
ya karɓi mafici.

Nawa na fari ya fito da ƙusumbi.
Na so in mayar wuta, ya hana.
Da asuba muka tura kwalekwale, muka wuce dorinai,
na jefa, na ƙirga goma, na ja,
zare ya tsaya cak.
Ba kifi ba ne. Kifi yana gardama.
Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta:
"To, kin biya kuɗin shiga kasuwa."

Yanzu mazubin ya tsage, na ɗaure shi da waya biyu.
Rami biyar ke aiki.
Kan Kawu na can ƙasa da ɗaruruwa,
da nawa mai ƙusumbi, a reshen da ban sani ba,
gashin zabo ya ruɓe, dalma ba ta ruɓewa.
Ɗana Ilu ke fifita.
Na ce ya koma ta inda iska ke fitowa.
Ya ce, "Ke fa?"
Na ce ya kula da wuta, tana mutuwa.