Aikin Dare a Tsibirin Samar

Ƙarfe biyu saura, ruwa na dukan rufin kwano,
suka shigo da Anacleto a kan ƙyauren ƙofa,
su huɗu, ƙafafunsu duk yashin teku.
"Ƙugiyar kifi ce," in ji 'yarsa Perpetua,
"ran Laraba ta yanke shi a dunduniya.
Ya wanke da ruwan gishiri, ya koma kwale-kwale."

Na tambaye shi sunan jikarsa.
Ya kira mini matarsa, mai shekara tara a ƙasa.
Nan gabana ya faɗi.

Na ɗora yatsu a wuyan hannunsa:
jijiya na gudu kamar ɓarawon da aka yi wa ihu.
Numfashi talatin a minti guda, sau biyu na ƙirga.
Goshi wuta, yatsu ƙanƙara.
"Yaushe rabonsa da fitsari?"
Ta yi jim. "Tun jiya da safe."

Rauni na dunduniya, amma yaƙin ya bar can.
Ƙwayar cuta ta tsallaka jini,
jiki ya tashi korar baƙo
sai ya cinna wa ɗakinsa wuta.

Na tayar da Likita Villaruel daga kan benci.
Wannan ciwo ba ya jiran carar zakara.
Jini a kwalba don gwaji,
maganin kashe ƙwayoyi ta jijiya
kafin dogon hannun agogo ya zagayo.
Ledar ruwa, wata ledar, iska a hanci.
Aka tsaga dunduniya, mugunya ta fito.

Muna cikin haka, sai wata murya a bakin ƙofa
tana ba da haƙuri:
"Ba zazzaɓi fa. Ko kuka ba ta yi.
Nono kawai ta ƙi tun magariba."

Dalisay, kwana goma sha biyu a duniya.
Na ɗaga hannunta, ya faɗo kamar jiƙaƙƙen tsumma.
Jiki sanyi, fata dabbare-dabbare,
cibiya ta yi ja, tana wari.
Jariri mai tsala ihu bai cika ba ni tsoro ba,
shirun nan ne ke hana ni barci.
Na ce, "Uwa, kin zo a kan kari,"
na nemi jijiya siririya kamar zaren ɗinki.
Sai a karo na uku na same ta.

Da asuba, a jakar da ke rataye gefen gado,
ga ɗigo rawaya, ga wani.
Wa zai yarda mutum na murna da fitsari?
Anacleto ya buɗe ido, ya harare mu:
"Wa ya ɗaure mini kwale-kwale?"

Dalisay kuwa, jirgin farko ya tafi da ita
babban asibiti, ƙetaren ruwa,
kwance a ƙirjin uwarta, ledar ruwa a hannun kawunta.
Na wanke hannu, shayina ya huce.
Ina zaune kusa da waya.