Haƙarƙari na Huɗu

Ruwa bai ɗauke ba a Llanidloes
tun daren Talata.
Idwal Prosser ya kunna wuta ƙarƙashin tukunya,
ya zura dogon katako cikin akwatin tururi,
ya toshe bakin da tsohuwar rigar sanyi.

Awa guda ga kowane inci, in ji shi.
Tururi ba ya jin lallashi.

Motar na can kusurwa, an tuɓe ta,
ƙofofinta jingine da bango.
Haƙarƙarin rufinta huɗu ne:
uku sun tsira,
ɗaya danshi ya ci shi
har kana murje shi da yatsa kamar tsohon burodi.

Mai ita, Nerys, na zaune a kan jarka.
Motar ta girme ta da shekara tara.
Ta ce a kujerar baya aka haife ta,
ran da ƙanƙara ta tare hanyar asibiti.
Idwal bai tanka ba. Agogo yake kallo.

Da lokaci ya cika
ya sa safar hannu, ya zaro shi yana huci,
ɗaki ya game da ƙamshin dafaffen hatsi.
Minti ɗaya gare shi, ba ƙari,
kafin itace ya tuna shi itace ne.
Ya ɗora shi a kan ƙira, ya danna da cinya,
ya ja, ya ƙara ja,
ƙas!
Baya ya tsage, zare-zare.

Ya shafa tsagar da babban yatsa.
Ashe ƙulli ne ya laɓe a ciki,
gurbin wani reshe da iska ta karya
tun shi kansa yana yaron shago.
Ya wurga shi cikin na murhu.

Wata awar kuma.

"Riƙe nan," ya ce.
Nerys ta ajiye sandarta, ta kama.
Na biyun ya yi gardama kaɗan,
sannan ya sunkuya a hankali
kamar dattijo zai ɗaure takalmi.
Ƙarfe takwas ya sa, ya matse shi.

"Sai bayan mako biyu.
In an sake shi yau, miƙewa zai yi.
A bar shi ya manta tukuna."

Ta dubi tafinta, ya yi ja.
Ta tambayi kuɗin aiki.
Ya tura mata kofi,
ya ce shayi na hucewa.