Daƙiƙa Goma Sha Uku

Wata goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinta,
bayana kan kwali, tocila a bakina,
a garejin Kurmin Mashi, inda ƙasa ta sha baƙin mai
har ciyawa ta yi zuciya ta daina fitowa.

Golf ce, 'yar ƙarama. Da can tasi take yi,
Kawo zuwa Kasuwa, Kasuwa zuwa Kawo,
ta ɗauki buhun albasa, ta ɗauki mai naƙuda.
Na saye ta ba gilashi, ƙofarta ɗaure da waya.

Su Sagir suka tuntsire:
"Mai ja da gaba? Ai akuya ce, Malam Barau.
Motar tsere daga baya take ingizo ƙarfi."
Na ce to. Ban ƙara ba.
Kakana maƙeri ne, magana ɗaya ya bar mini:
wuta ba ta ƙanƙanta, iska ce ke yi mata kaɗan.

Sai na nemo mata zugazugi.
A Oriyakwata na tsinto shi cikin tsibin ƙarafa,
sufacaja, in ji Uchenna, ya rantse bai taɓa ciwo ba.
Bitrus na Panteka ya ƙera masa mazauni,
ya yanka, ya liƙe, ya zage ni sau uku.
Bel biyu suka tsinke kafin na uku ya zauna.
Ran da ya fara kuka, siriri, daga can cikin bonet,
kamar injin markaɗe ya koyi busa sarewa,
mai shayin bakin titi ya bar ƙwai ya ƙone.

Amma ƙarfi daban, riƙe ƙasa daban.
Ka taka totur, nauyi ya gudu baya,
hanci ya ɗaga, tayoyin gaba su hau tonon kwalta
kamar kaza a juji: hayaƙi fal, tafiya babu.
Sitiyari kuma ya fizge hagu,
sai ka ce yana da alƙawari a can.

Na cire kujerun baya. Na cire safaya da rediyo.
Na taurara mata ƙugu,
na sace wa tayoyin gaba iska har suka yi kumatu.

Lahadi, gari bai gama wayewa ba,
sabon titin hayin Ɗanbushiya da ba a buɗe ba tukuna,
durom biyu nan, durom biyu can.
Haladu ya auna da igiyar magina:
mita ɗari huɗu da biyu.
Ga Marsandin Sagir a damana, tana gurnani ƙasa-ƙasa.

Hula ta faɗi.

Ban ga kogi ba, ban ga mutane ba.
Kuloci, giya ta biyu, kukan nan ya hau sama,
sitiyari na kokawa da ni, ina ce masa ba yau ba,
ta uku,
durom.
Fitilun Sagir a madubina, ƙanana kamar idon mage.

Sha uku da ɗigo takwas, in ji wayar Haladu,
hannunsa na rawa kamar shi ya tuƙa.

Da na tsaya nan, da magana ta ƙare.
Sagir ya ce a sake. Na ce a sake.
Taku goma ba mu yi ba, ƙas!
Shaf ɗin dama ya ce shi bai ɗauki wannan aiki ba.

Shi Sagir ɗin ne ya ɗaure ni da igiyar Haladu.
Muka haye gada a hankali, masu keke na wuce mu.
Na leƙo na ce masa, "Yau ga taka tana ja da gaba."
Ya yi dariya har ya kusa hawa kwalbati.

A gida Sa'ade ta miƙo omo da ruwan ɗumi.
"Wata goma sha ɗaya," ta ce, "a kan daƙiƙa nawa?"
Na faɗa mata.
Ta dubi faratana, baƙin da ba ya fita,
ta ce, "To wannan ɗigo takwas ɗin,
nawa zai ci kafin ya tafi?"