Gurbin Kaka

Zuwa na uku ke nan daga Gidan Igwai,
ɗari biyu tafiya, ɗari biyu komowa,
takarda naɗe cikin ledar burodi
don kada zufa ta cinye rubutun.

Malam Arzika, mai teburin bakin taga,
ya san ni har ya bar tambayar suna.
Ya ce, Inna Tumba, layi biyu ne nan,
na sama uba, na ƙasa uwa.
Na ce, to nawa fa?
Ya juya takardar. Bayanta fari fat.

Kulu ta haife shi da hantsi,
la'asar sakaliya munka kai ta makwanci.
Jabbi ya bi motar albasa zuwa kurmi,
ya kira sau biyu, sai layin ya mutu.
Cikin su biyun wa zan tasa
ya zo ya dangwala maka yatsa?

Ni na karɓi Modi yana ɗanyen nama.
Jar akuyata ta raba nononta biyu,
rabi ɗanta, rabi nawa,
da cokalin shayi, ɗigo bayan ɗigo.
Zanen goyo uku sun mutu a bayana.
Daren da ƙyanda ta rufe masa ido
daga ni sai fitila sai Allah,
ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa
ya ce in kawo shaidar nawa ne.

Ba faɗa nake da hukuma ba.
Da sunka zo ɗiga magani
ni na matse kumatunsa ya buɗe baki,
ba su nemi uba ba ranar nan.
Da anka ce kowane yaro ya tafi aji
ni na sayar da tasa na ɗinka riga.
Yatsan nan da kake kallo, Malam,
ranar zaɓe ya yi muku daidai.
Yau da anka ce ga tallafin littafi,
ga 'yan kuɗin takalmi da alli,
shi ne ya zama yatsan baƙuwa?

Ya cire tabarau ya murza ido.
Ya ce, bara wani ya shigo ɗakin nan
da yara goma sha ɗaya, duk na maƙwabta,
ya kwashe rabonsu ya sayi babur.
Tun ranar anka ɗaure mana hannu.
Na yi shiru, don bai yi ƙarya ba.
Ɓera ya yi sata, an toshe rami,
an toshe da ni a ciki.

Ki je kotu, in ji shi, ki yi rantsuwa,
ki zo da wasiƙar mai unguwa,
shaidu biyu, hoto huɗu, mai jan baya.
Na lissafa a zuci: ƙuli-ƙulin kwana tara.
In rantse kan Alƙur'ani, tsofai-tsofai da ni,
cewa ni na raini wanda na raina.

Da dare Modi ya zaro ta daga leda,
yana bin baƙaƙe da bakin fensir:
u-ba. U-wa.
Ya dube ni, ya sake duban takarda.
Ina tankaɗe ban lura ba,
sai na ji fensir na kukan ɓera.

Ƙarƙashin layin nan biyu ya ja na uku,
karkatacce, awa hanyar tururuwa,
ya rubuta abin da ya ce shi ya fi sauƙi
duk cikin abin da anka koya musu,
gaɓa ɗaya ce, sai ka maimaita:
ka, ka.

Na ɗaga hannu, don takardar guda ce,
ba su ba da ta biyu.
Hannun ya tsaya sama, duk gari,
ya sauko bisa kansa ya bar fari.

Gobe Talata. Ɗari biyu na bakin zane.
Haka zan kai ta, ban goge ba.