Zaman Baho

Shekara goma sha tara ina tuƙa adaidaita a Thrissur,
ramukan titin nan na san su kamar haƙorana,
amma sai bana suka san ni.
Kowane rami reza ce.
Fasinja na lissafin canjinsa,
ni ina cije leɓe, ina zaune a karkace
kamar tukunyar da ta rasa dutsen murhu ɗaya.

Mai ciwon ido a ce masa sannu,
mai karaya a kai masa ayaba.
Ni wa zan gaya wa ƙofar baya ce ta tsage?
Ɗigon jini uku da asuba,
sai raɗaɗi ya raka ni har rana ta take.

Thankamani ce ta gano, daga takuna.
Ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauki lema ta ratsa ruwan damina
zuwa shagon tsoho Kesavan mai magani,
ta dawo da ƙullin jarida biyu
da ƙaramar kwalbar mai, mai warin ganyen darbejiya.

Da dare ta tafasa garin tirifala,
'ya'yan itace uku masu bauri,
ta tace, ta sirka, ta gwada da gwiwar hannu
yadda take yi sa'ad da Ambili ke jaririya.
Bahon wankin ja, wanda hannunsa ya karye.
Ta ce, "Velayudhan, zauna."
Na zauna.
Ƙato da furfura, gwiwa a haɓa,
ruwa na dukan kwanon rufi, kwaɗi na yi mini dariya.

Sai hukunci ya biyo baya.
An kori barkono daga miyar kifina.
An kulle tulun mangwaron yaji, makulli a bakin zaninta.
Man shanu cokali guda cikin madara mai ɗumi,
gwanda da safe, tsala da rana,
ruwa, ruwa, har na zama rijiya.
Na ce abincin nan ba shi da baki.
Ta ce, "Wanda ke da bakin ai shi ya cije ka."

Kesavan ya aiko da magana ɗaya:
kada ka yi nishi, kada ka yi gaggawa,
abin da zai fito ba a jan sa da igiya.
In mako biyu ya wuce jini bai ɗauke ba,
asibiti ba gidan surukai ba ne, a tafi.

Yau kwana tara.
Na bi ta ramin gaban kasuwar kifi,
babban nan,
sai da na kai kwanar coci
na tuna ban cije leɓe ba.

Na tsaya na sayi furen yasmin kamu ɗaya.
Ta karɓa, ta soka a gashi,
ta nuna mini bahon da haɓa.
Ruwan bai huce ba tukuna.