Lemun Tsami a Cikin Toka

Wuta ta hau tudunmu na Valparaíso daren Asabar,
ta ci kwano, ta ci katako, ta ci hoton auren kakata.
Gari ya waye, teku na nan shuɗi kamar bai ji labari ba.

Shekarata ashirin da uku.
Tikiti nake yanka a keken ƙarfen da ke jan mutane kan tudu.
Rabona da coci tun ranar da muka binne babana.
Amma a ɗakin makarantar da aka tara mu,
dare bayan dare, waya a hannuna,
masu wa'azi na ƙirga mini kwanaki.
Wannan ya ce ƙaho na gab da busawa,
wancan ya haɗa girgizar ƙasa da farashin mai,
ya ce a turo kuɗi kafin lokaci ya ƙure.
Tsoro suka kasa, na saya da tsada.
Barci ya ƙi, addu'a ta ƙi.

Ran Laraba na hau duba kangonmu.
Sai ga tsoho Evaristo mai ɗinkin koma,
durƙushe cikin toka,
yana haƙa rami da ƙonannen ludayi,
gefensa dashen lemun tsami a gwangwanin fenti.

Na ce, Baba, an ce fa duniya ta zo ƙarshe.
Bai ɗago ba. Ya ce, Ximena, miƙo ruwan nan.

Can ya ce, an yi wani annabi, yana tsare,
mayaƙa sun yi wa birninsu zobe, yunwa ta shiga gida-gida,
sai ya auna azurfa ya sayi gona.
Gonar da dawakin abokan gaba ke tattakawa!
Ya cusa takardar a tulu don kada ta ruɓe.
Aka ce ya zautu.
Shi kuwa ya ji daga bakin Mai alkawari
za a sake shuka a wurin.

Na ce, to yaushe?
Ya yi dariya da haƙoransa uku.
Wanda ya fito kabari da tabon ƙusa a hannu
bai bar mini kalanda ba, 'yata.
Cewa ya yi zai dawo.
Ni dai kada ya tarar da ni na naɗe hannu.

Lemu sai ya shekara huɗu kafin ya yi 'ya'ya.
Evaristo ya haura tamanin.
Na yi lissafin, na haɗiye shi,
na durƙusa na danna ƙasa da tafina.

Ba zan ce na gaskata duka ba.
Ran Lahadi a bakin ƙofar coci na tsaya,
na ji waƙa ɗaya, na juya.
Sai dai kullum da asuba, kafin keken farko ya motsa,
ina hawa matakala ɗari da arba'in da goran ruwa biyu.

Jiya ya fid da sabon ganye,
bai kai kunnen ɓera ba.
Na daɗe a tsugune.
Har na makara aiki.