Jakar Dorin

Ƙarfe uku na dare a Hull,
iskar teku tana taɓa taga kamar mai neman aron wuta.
Ni ce mai gadin barcin tsofaffi goma sha ɗaya
a wani gida bayan tashar bas.

Tsohuwa Dorin ta sake tashi.
Ta ɗora kwat a kan rigar barci,
jaka a hannu, ta tsaya bakin ƙofa:
"Yarinya, motar gida ta iso?"
Layi biyu daga nan aka yanke mata cibiya.
Shekara tamanin da tara ba ta bar garin nan ba,
amma duk dare gida take nema.

Likita ya ce ruɗewar tsufa ce.
Haka na rubuta, don haka aka koya mini.
Sai dai ni Keziya 'yar Filibus,
da akwatina ke kan kabad har yau
da igiyar da aka ɗaure shi a Malumfashi,
ni da takardar zamana ke ɗauke da ranar ƙarewa,
da wane baki zan ce mata ta ruɗe?

Bara na je gida.
Katangar babanmu ta zube, an sayar da gonar gyaɗa,
yara suna leƙe, wai ga Baturiya.
Na dawo, mai shago ya ce yaushe zan koma.
Ashe baƙo raɓa ne ko ina ya kwana.

Ran Lahadi mu bakwai ne
a ɗakin haya, saman mai soya kifi.
Fasto Barnaba, idonsa ja don tuƙin tasin dare,
ya ce Ibrahim da duk garkensa
bai taɓa aza tubali ba,
turke yake kafawa, wanda hannu ɗaya ke cirewa.
Muka ce amin cikin ƙaurin mai.

Talata kafin asuba Dorin ta yi shiru.
Na buɗe jakar don lissafin kaya:
mataji, rabin biskit,
da mabuɗi ɗaya da ba ya buɗe komai a ginin nan.
Na shafa idanunta suka rufu.
Na sunkuya na ce da Hausa,
harshen da ba ta taɓa ji ba:
Kaka, motar ta iso.

Ya Yesu, kai da ka kwana a gidajen mutane,
har kabarin ma na aro ne,
ka ce ka tafi shirya mana wuri.
Ba na roƙon bene.
Ɗaki ɗaya ya isa,
inda zan kwance igiyar nan,
ba wanda zai ce daga ina, har zuwa yaushe.

Ƙarfe bakwai na sa hannu na fita.
Ana yayyafi.
Na tsaya jiran bas, jakata a kafaɗa.